Kilo Tara a Ƙofar Kawu

Shekara bakwai na yi ina koyar da fiziks a wata sakandare a Kano kafin Kawu, yayan mahaifiyata, ya aiko mini in zo Guangzhou. Ya ce in zo in riƙe masa waya da takardun lodi, tunda ya lura alli ba ya sa mutum ƙiba. Na zo ina hura hanci, wai ni mai digiri ya iso cikin 'yan kasuwa. Ban yi sati ba aka sauke mini hancin.

Kawu da dako ya fara a kasuwar Kwari ta Kano yana saurayi, dilar atamfa a ka. Lokacin da na iso ya haura shekara ashirin a garin, yana da ɗan ofis a ginin 'yan kasuwa na Tianxiu, yana haɗa wa mutanen gida kaya yana tura musu a kwantena. Ƙato ne, wuyansa da kafaɗunsa har yanzu na ɗan dako ne. Idan an tara kwalaye a sito sai ya kira ni a gaban kowa: "Malam, zo ka gaya mana, za su shiga ko ba za su shiga ba?" Kafin in gama latsa kalkuleta ya riga ya kewaya kayan sau ɗaya, ya ce za su shiga har a bar wurin kwali shida. A loda kuma a ga wurin kwali shida ya rage. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Karatun Malam sai allo." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, amma abin yana ci mini rai ƙwarai.

A unguwar Panyu muke zaune, saboda hayar can ta fi sauƙi kuma sitonmu yana kusa. Kawu da matarsa Hajiya suna ƙasan wani gida a cikin lungu, ni ina da ɗaki a bene na uku. Lungun yana cika da ruwa duk damina, shi ya sa aka ɗaga ƙofar gidan: matakala uku, sannan ɗan dandamali, sannan ƙofa. Shekara biyu ina hawan matakalan nan, da za a tambaye ni nawa ne da sai na fita na ƙirga.

A shekarata ta uku ciwon suga ya kama ƙafar Kawu. Ɗan rauni ne a yatsa, ya raina shi, ya ci gaba da zagaye kasuwannin Guangyuan da baƙinsa yana cewa takalmi ne ya matse shi. Ƙarshenta aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce maganar ƙafar roba sai an jima, don ɗayar ma lallaɓa ta ake yi. Ya dawo gida a keken guragu, ya rame kaɗan, amma bakin yana nan yadda yake. Ranar da ya dawo ma sai da ya ce mini yanzu takalmi ɗaya zai riƙa saya, in lissafa masa ragin a allo.

Juma'ar farko ya yi wanka, ya sa farar shadda, ya fesa turare. Daga bakin lungunmu har tashar jirgin metro babu matakala, a tashar kuma akwai lif, saboda haka zuwa masallaci ba matsala ba ce. Matakalan ƙofa ne kawai. Mu huɗu muka kama keken, kowa da kusurwarsa: ni, da wasu baƙi biyu daga Kano, da wani abokin aikin Kawu mutumin Kumasi, ɗan Zango, mai jiki da zuciya mai kyau, wanda ba ya iya ganin ana ɗaukar abu bai sa hannu ba. Muna ɗagawa, nauyi ya zo masa, sai ya ce da ƙarfi, "La'ilaha illallah!" Baƙin nan biyu suka amsa masa, yadda baki ya saba.

Ba wanda ya yi nufin komai. Amma maza huɗu, kowa riƙe da kusurwa, mutum a tsakiya cikin fararen kaya, ana kalmar shahada, duk wanda ya taɓa raka gawa ya san da me wannan ya yi kama. Kawu ya san shi kafin mu.

"Ku sauke ni," ya ce.

"Alhaji, saura ɗaya," in ji ɗan Zango.

"Na ce ku sauke ni. Ban mutu ba tukuna."

Muka mayar da shi kan dandamali. Ya juya kekensa da kansa ya shige ciki, mu kuma muka tafi masallaci kamar waɗanda aka kama da sata.

Ɗan Zango ya kwana biyu abin yana damunsa, sai ga shi da magani a kafaɗa. Wani faffaɗan ƙarfe ne mai gurza-gurza, irin wanda muke jinginawa a bakin sito mu tura kwalaye a kan amalanke. Ya jingina shi a kan matakalan, ya zauna daram. Ya yi ta murna. "Yanzu babu ɗauka, Alhaji. Turawa kawai. Ni kaɗai na isa." Kowa ya yaba, aka ce ai dama abin da ya kamata ke nan. Mu mutanen lodi ne, duk abin da zai hau ko zai sauka ƙarfen nan muka sani.

Ni kuwa ina ganinsa na san akwai matsala. Tsayin matakalan bai wuce santimita sittin ba, tsawon ƙarfen kuma kamar ninkinsa ne. Wannan ai zanen da nake yi a allo ne duk shekara: alwatika, akwati a kan gangare, kusurwa digiri talatin. Na san amsar ba sai na taɓa kalkuleta ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji muryar Kawu a kunnena tana cewa karatun Malam sai allo, na kuma hango dariyar da za a yi. Na ja bakina na yi gum. Wannan shirun shi ne laifina a labarin nan, kuma ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Aka lallashi Kawu ya yarda a gwada. An so a sauke shi da baya, ya ce shi ba firji ba ne, gaba zai fuskanta. Ɗan Zango ya riƙe hannayen keken ya ce bismilla, wannan karon a hankali. Tayoyin gaba suna hawa ƙarfen, keken ya ƙwace. Ba shi yake tura keke ba, keke ne yake jan sa, silifas ɗinsa suna ƙara a kan ƙarfe. Suka tsallake lungun a guje, su biyu, suka faɗa cikin tarin kwalayen mai kayan miya da ke ƙetare. Ba don Kawu ya damƙe hannun kujera da ƙarfin nan nasa ba, da ya kife. Hularsa ta faɗa kwata. Tsohuwa mai gidanmu, wadda ke zaune a bakin ƙofa tana shanya ɓawon lemo, ta miƙe tana ta "Aiya! Aiya!" Komawa sama kuma sai da mutum uku suka haɗu suna nishi kafin keken ya hau.

Kawu bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya ce kawai, "A ɗauke ƙarfen nan," ya shige.

Daga ranar ya daina fita. Aiki yana yi ta waya, yana yi mini tsawa ta waya alhali bene biyu ne tsakaninmu. Juma'a bakwai suka wuce. Duk wanda ya zo da maganar a ɗauke shi, sai ya canza zance. Wata ranar Asabar Hajiya ta tare ni a kan dandamali, ta rage murya. Ta ce duk Juma'a sai ya yi wanka ya sa kaya ya fesa turare, ya kawo kekensa bayan ƙofa ya zauna. Idan ya ji mun tafi, sai ya koma ciki ya cire kayan ya ninke da kansa.

"Ba ƙafar ce ke cin sa ba," ta ce. "Ƙofar nan ce. Abinci ma ya rage. Kai da ka yi karatu, babu wata dabara?"

Tunda na zo ƙasar, ba wanda ya taɓa ce mini kai da ka yi karatu ba da zolaya ba. Na ce mata akwai, amma sai ta ara mini keken na awa biyu. Ta ce bayan azahar yana barci, in zo ta ƙofar kicin.

Na tura keken zuwa sito. A can na tarar da ɗan Zango da wani mutumin Maraɗi mai surka Hausarsa da Faransanci, kafinta, wanda yake ƙera mana akwatunan katako na injuna. Na ɗauki alli na zana musu alwatika a ƙasan siminti. Na ce nauyi kullum ƙasa yake so, kai tsaye. Idan ka ɗora shi a kan gangare ba ya samun hanya, sai ya rabu biyu: wani kaso yana danna katakon, wani kaso yana jan abin zuwa gindin gangaren. Wanda yake ja ɗin shi ne abokin faɗan mai turawa. Kuma sanin yawansa ba wuya: ka raba tsayi da tsawon gangaren, abin da ka samu shi muke kira sayin na kusurwar, ka ninka da nauyin. Kawu kilo casa'in ne a takardar asibiti, keke ashirin, ɗari da goma ke nan. Ƙarfen da aka kawo, tsayi rabin tsawo ne. Wato kilo hamsin da biyar ne suka ja ɗan Zango ranar nan.

Ɗan Zango ya kalli zanen, ya kalle ni. "Malam, wannan duk zane ne. Ni silifas ɗina ne ya yi santsi."

Raina ya ɓaci, amma na riga na san da waɗanda nake magana. Ɗan kasuwar Guangzhou zai iya musu da likita, zai iya musu da liman, amma ba ya musu da ɗan sikelin hannu da yake auna jaka kafin ya tafi filin jirgi. Kowa yana da shi a aljihu. Na ce ya ba ni nasa.

Muka jera faletoci huɗu, katakan nan da ake ɗora kaya a kai, har suka kai tsayin ƙofar Kawu, muka jingina ƙarfen nan. Muka loda buhunan shinkafa a kan keken har suka kai nauyin Kawu, kafinta ya ɗora wa na sama hularsa don abin ya yi kyau. Na maƙala ƙugiyar sikelin a jikin keken, ɗan Zango ya tsaya a sama ya riƙe, muka saki a hankali. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sikelin ya yi ta gudu, arba'in, arba'in da takwas, hamsin, sai ya yi ƙyaf-ƙyaf ya ɗauke, don iyakarsa ke nan.

"Abin ya fi ƙarfinshi," in ji ɗan Zango, yana haki. Ya daina maganar silifas.

Muka cire ƙarfen muka sa katako mai tsawon mita uku. Na rubuta ashirin da biyu a ƙasa kafin a gwada, na rufe da ƙafata. Sikeli ya nuna ashirin da biyu saura 'yan giram. Na ɗage ƙafa. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ban ji shi ranar da aka ba ni digiri ba. Kaina ya kumbura nan take, na fara magana da hannu ɗaya a baya kamar ina gaban aji. Na ce abin da muke so shi ne Kawu ya hau da hannunsa, ba mai turawa, saboda haka kowane taku ɗaya na tsayi sai a ba shi taku goma sha biyu na tsawo. Mita bakwai da 'yan kai ke nan, kuma abin da zai ja shi baya kilo tara ne kacal.

Kafinta ya haɗa dogayen katakai biyu ya ɗaure su da ƙusa. Muka ja keken zuwa tsakiya. Sikeli ya nuna tara da ɗan wani abu, na ɗaga hannu zan yi jawabi, sai muka ji ƙas! Katakon ya lanƙwashe ya karye a mahaɗa, keke ya kwanta, buhu ɗaya ya fashe, hular kafinta ta nutse a cikin shinkafa.

Ya tono hularsa, ya karkaɗe, ya dube ni. "Bon, Malam. Ka ce tara ne ke ja. Sauran nauyin fa, ina ya tafi? Ya koma Kano?"

Na ji kunya kamar in nutse. Ni da na shekara bakwai ina zane yara saboda sun manta da kosayin, abokin sayin, ni na manta da shi. Na durƙusa na ƙarasa zanen. Na ce kason da ke danna katako shi ake samu da kosayin, kuma duk yadda gangare ya kwanta haka wannan kason yake ƙaruwa. A kan ƙarfen farko kilo casa'in da biyar ne. A kan wannan dogon kuwa kusan duka ɗari da goman ne suke zaune a kan katako, ga shi babu abin da ya tokare shi a tsakiya.

Kafinta ya ƙirga da yatsunsa. "Tara nan, kusan ɗari da goma nan, kuma duka daga cikin ɗari da goma? Malam, lissafin nan naka har haihuwa yake yi."

Na ce ba wuri ɗaya suke ja ba, shi ya sa ba a tara su kamar buhuna. Na so in shiga bayanin alwatika, ya ɗaga mini hannu. "Voilà, riƙe sauran. Ni dai ƙafafu zan sa mashi, kowane taku biyu. Kai ka ba ni tsawo, ni in ba ka ƙarfi." Haka muka raba aikin. Na share shinkafa daga tayoyi na mayar wa Hajiya keken kafin la'asar.

Saura wuri. Lungunmu bai kai mita huɗu a faɗi ba, saboda haka gangaren ba zai fita kai tsaye ba, sai dai ya tashi daga gefen dandamali ya bi jikin bango. Jikin bangon nan kuwa masarautar tsohuwa mai gida ce: tukwanen albasa da barkono a jere, da faifan ɓawon lemonta. Na je mata da zanena da fassarar waya. Ban kai rabi ba ta kaɗa hannu. "Meyo, meyo." Babu. Na ce mata lawban, wato shugaba da yarensu, na yi mata shiye-shiye, wato godiya, har sau uku, na nuna mata lambobi. Ta ƙara wani meyo ɗin ta juya mini baya.

Hajiya ce ta gama maganar. Ita da tsohuwar sun shekara goma suna musayar kwano, wannan ta aika da waina, waccan ta aiko da miyar kabewa, kuma ban taɓa jin sun yi magana da ta wuce kalma biyar ba. Ta fito ta kama hannun tsohuwar, ta kai ta bakin taga ta nuna mata Kawu zaune yana kallon bango. Sannan ta nuna gwiwar tsohuwar, ta nuna 'yar jakar cefanenta mai taya wadda kullum take jan ta a matakala tana tsaki. Tsohuwa ta nuna tukwanenta. Hajiya ta nuna sama. Shi ke nan. Kafinta ya ƙara kanta a jikin bango, tukwane suka hau, suka ma fi samun rana.

Kwana uku ana aiki. Ƙafafu kowane taku biyu, ɗan shinge a gefe don kada taya ta zame, da shimfiɗar roba mai kaushi saboda ruwan sama. Kawu yana jin bugun guduma, bai tambaya ba, bai leƙo ba. Da Hajiya ta gaya masa, cewa ya yi a bar wahalar da kai, shi an gama wasa da shi a lungun nan.

Ranar Alhamis da yamma na shiga wurinsa. Ban ɗauki takarda ba. Na biya ta kicin na ɗauko galan biyu na man gyaɗa, masu lita biyar-biyar, na ɗaure su da igiya na ajiye a gabansa.

"Kawu, za ka iya ɗaga wannan?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni kake tambaya? Ni? Lokacin da nake ɗaukar dila uwarka ko tallan gyaɗa ba ta fara ba." Ya sa yatsa biyu ya ɗaga su har saitin fuskarsa, ya riƙe, don in gani da kyau.

"To abin da ke tsakaninka da titi ke nan," na ce. "Kilo tara. Na auna da sikeli, ba allo ba. Kuma ba wanda zai taɓa keken. Kai za ka sauka, kai za ka hau."

Ya sauke galan ɗin a hankali. Can ya ce, "In na gangaro da baya fa?"

"Ba za ka gangaro ba."

"Ka mayar wa Hajiya manta," ya ce. Iyakar amsar da na samu ke nan.

Da safiyar Juma'a na tara mutanenmu a bakin lungu na ba su doka ɗaya: kowa ya zuba hannayensa a aljihu, kuma kada ya fitar ko me ya gani. Ɗan Zango ya ce wannan rashin tarbiyya ne, a wurinsu ba a tsayawa ana kallon babba yana wahala. Na ce a wurinmu ma haka ne, kuma tarbiyyar nan ce ta kulle shi a ɗaki wata biyu. Ya zuba hannu a aljihu yana gunaguni.

Ƙofa ta buɗe. Farar shadda, sabuwar hula, ƙamshin turare. Kawu ya fito kan dandamali ya tsaya yana kallon katakon tun daga sama har ƙasa, irin kallon da yake yi wa kaya kafin lodi. Ya juya keken, ya riƙe ƙarfen tayoyi, ya sauko a hankali yana sassautawa yana damƙewa. Da ya taɓa ƙasa bai kalli kowa ba. Ya ce, "To, me ake jira? Za mu makara." Ya wuce gaba, muka bi shi a baya.

Ni dai ban ji huɗubar ranar ba, Allah ya yafe mini. Sauka kowa ya iya. Hawan nake tunani, ina ta sake lissafi a zuci, ina tuna cewa tayar keke tana da nata taurin, robar ma tana riƙewa, kuma mutumin nan ya wata biyu bai motsa jiki ba.

Muka dawo da rana tsaka, zafi kamar a kicin. Tsohuwa mai gida tana zaune ƙarƙashin kantar tukwanenta, mai kayan miya ya fito bakin shagonsa. Kawu ya saita keken a gindin katako, ya naɗe hannun riga, ya tura. Taku ɗaya, biyu, uku, katako ko motsi bai yi ba. Ya wuce ƙafar katakon ta biyu, ya wuce ta uku. Daidai tsakiya ya tsaya. Gumi ya jiƙa bayan shaddar. Ya saki don ya sake kamawa, keken ya dawo baya kamar tafin hannu ɗaya. Ni da na kafa dokar, hannuna ne ya fara fita daga aljihu, ɗan Zango ne ya damƙe mini shi.

"Kar wanda ya taɓa ni," in ji Kawu, bai waiwayo ba.

Ya ja numfashi, ya sunkuyar da wuyan nan na dako, ya tura. Daga nan bai sake tsayawa ba sai kan dandamali. Tsohuwa ta tafa hannu, mai kayan miya ya ɗaga babban yatsa, kafinta ya ce voilà kamar sau huɗu.

Kawu ya juyo yana haki, ya neme ni da ido. "Malam, nawa ka ce?"

"Tara, Kawu."

"Ƙarya ne. Ya kai sha biyu."

"Taurin taya ne ya ƙaru a kai. Ban sa shi a lissafi ba."

"To ka riƙa sawa." Ya goge fuska da hularsa. "Gobe da safe ka zo sito da allin nan naka. Akwai injin da za mu ɗora a mota, ba na son a karya wa wani baya." Bai yi dariya ba, ba kuma wanda ya yi.

Sannan ya juya keken ya fuskanci ƙofarsa. A rufe take. Na san Hajiya tana tsaye a bayanta tun fitarmu, don na ga labule yana motsi, amma ba ta buɗe ba. Kawu ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama da babbar muryar nan tasa, irin ta mai gida da ya dawo daga waje. Tun kafin a kwantar da shi asibiti rabon da a ji sallamarsa daga wannan gefen ƙofar.

Aka ɗan jima. Sai muka ji muryarta, ta amsa sallamar, ta ce, "Sannu da dawowa, Alhaji."

"Yawwa," ya ce. "Buɗe mini, na sha rana."